Sunan da Ya Hana Gwaggo Dije Wuce Aji Ɗaya

Duk wanda ya taɓa zuwa makarantar koyon Turancin nan ta ƙarƙashin bene, bayan tashar jirgin ƙasa ta Parkchester a Amurka, ya san takalman Gwaggo Dije tun kafin ya san fuskarta. A bakin ƙofar aji take tuɓe su, ta jera su tsaf, ta shiga da safa, ko da ƙanƙara ake zubawa a waje. Ranar farko malamar, wata doguwar Baturiya mai suna Linda, ta yi ta nuna mata da hannu cewa ba sai ta cire ba. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Rabi, gaya mata nan wurin karatu ne. Wanda ya shigar wa ilimi da takalmi, da takalminsa kawai zai fita." Ban fassara ba, don ni ma a lokacin Turancina bai wuce na sayen burodi ba. Kafin wata ya ƙare sai ga takalman 'yan Bangladash sun bi sahu, sai na mutanen Ghana, har da na wani tsoho ɗan ƙasar Ekwado da ya ɗauka dokar makaranta ce. Mai sharar ginin kuwa da hannu biyu yake gaishe ta.

Ni 'yar ƙanenta ce, kuma rana ɗaya aka rubuta mu a makarantar. Wanda ya rubuta mu shi ne Yaya Mansur, ɗanta na fari, mai aikin kwamfuta a wani ofis a Manhattan, wanda ya ɗauko ta daga Kano don ta zauna da jikoki. Ni aiki nake nema shi ya sa nake son Turancin. Ita kuwa da wata manufa ya kai ta, kuma sai na faɗe ta kafin ku gane sauran labarin.

Gwaggo ba ta taɓa kiran sunan Yaya Mansur ba. Ɗan fari ne, ana yaye shi aka miƙa wa kaka, kamar yadda ake yi a gidanmu. "Shi" take ce masa. "Shi ya dawo?" "A ajiye wa Shi tuwo." Har ta kai samarin masallaci a bayan idonsa Alhaji Shi suke kiransa. A Kano wannan ba abin da zai hana kowa barci ba ne. Amma Yaya ya shekara ashirin a Amurka, kuma ya fara zuwa wurin irin likitan nan da ake biya don a zauna a kujera mai laushi a ba shi labari. Likitan ya bincika ya gano cewa hawan jinin Yaya, da rashin barcinsa, ina jin har da sanƙonsa, duk daga rashin kiran sunan nan suka samo asali. Shi ne ya zo mini da dabara.

"Turanci ba ruwansa da kunya, Rabi," in ji shi. "A littafin aji ɗaya akwai darasin iyali. Dole ta faɗa."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Da na ɗago na ga shi ba dariyar yake yi ba. Ya ce, "Ko da Turanci ne, ina so in ji sau ɗaya daga bakinta." Mutum mai furfura a gemu, mai 'ya'ya uku. Wallahi sai ya ba ni tausayi, na kuma ji haushin kaina.

Gwaggo ta shiga karatu da ƙarfinta, sai dai a kan sharuɗɗanta. Da farko ta ƙi yarda da sunan malamar. Ta sa na tambaye ta ranar da aka haife ta, malama ta duba waya ta ce Lahadi ce. "To Ladi ce," in ji Gwaggo, "iyayenta ne ba su sani ba." Daga ranar ajin gaba ɗaya ya koma cewa Malama Ladi, har ita Lindar ta fara amsawa.

Sai kuma littafin. A cikinsa akwai wasu mutum biyu, Tom da Mary, waɗanda ba su da aiki sai yawo. Yau suna gidan abinci, gobe bakin teku, jibi sinima. Da aka kai darasi na bakin teku Gwaggo ta kasa haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Tambaye ta, Rabi, wannan Tom ɗin mijinta ne?"

Malama Ladi ta ce a'a, abokai ne.

"Ya turo magabatansa?"

Malama ta ce littafin bai faɗa ba.

"Ita yarinyar ba ta da uba ne? Tun shafin farko yake jan ta, ya kai ta nan ya kai ta can, ko goro bai kai gidansu ba. Kuma ku duba abin da ta sa."

Aka ce ta karanta layin Mary, inda take cewa ta ji daɗin fitar, sai an jima. Gwaggo ta ce ita ba za ta taya ɓarna ba. Da malama ta matsa, sai ta gyara gilashi ta dubi hoton Tom, ta tattaro ɗan Turancin da ta tara ta ce masa ya tafi gida, ya zo da babansa. Malama Ladi ta ce jimlar daidai take, ba kuskure ko ɗaya, har ta rubuta ta a allo.

To, sai ga darasin iyali ya zo, da jarrabawar baki a ƙarshen zango. Tambayoyin ba wuya. Ina kike zaune, 'ya'yanki nawa, mene ne sunan babbansu. Gwaggo ta amsa ta farko, ta amsa ta biyu har da ƙarin bayani. Da aka zo ta uku sai ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi. Malama ta ɗauka ba ta gane ba, ta maimaita a hankali. Shiru. Ta zana mace da yaro a allo, ta nuna yaron. Gwaggo ta ce da ni, "Gaya mata na gane tun ɗazu, ta daina ɓata alli."

Mma Hawa, wata 'yar zangon Hausawa na Kumasi a Ghana da ke zama kusa da ita, ta zungure ta. "Mma Dije, faɗi kawai mu tashi. Mu a zango yaro na fari muna kira shi, har mu zage shi ma."

"Shi ya sa naki bai kira ki a waya ba tun azumi," in ji Gwaggo.

Na yi wa malama bayani iya iyawata. Baiwar Allah ta ce ba komai, Gwaggo tana iya rubuta sunan a takarda. Gwaggo ta ce hannun ma ai nata ne. Malama ta ce to ta ƙirƙiri kowane suna, ba wanda zai bincika. Nan fa Gwaggo ta fusata. "In canja wa yaro sunan da aka yanka masa rago? Kuma in yi wa malamata ƙarya ido da ido? Wace irin makaranta ce wannan?" Ta faɗi jarrabawar. Da muka koma gida Yaya Mansur ya tare ni a kicin yana tambaya da ido, na girgiza masa kai. Gwaggo tana daga falo ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "A gaya wa masu dabara, kunya ba a harshe take ba, balle a canja mata yare." Ashe tun ranar farko ta harbo jirginsa.

Ni na wuce aji biyu, na wuce uku, na samu aikin kula da tsofaffi. Gwaggo tana aji ɗaya daram. Duk zango ta amsa komai, ta tsaya a tambayar nan, ta faɗi, ta koma kujerarta ta gaba. Sababbin ɗalibai suna ɗauka ita ce shugabar makarantar, wasu har takardunsu suke miƙa mata. Malama Ladi ta je ofis ta roƙi a cire mata tambayar, aka ce tsarin jarrabawa daga sama yake zuwa, kuma na sama ba su san ɗan fari ba. Abin da suka yi shi ne suka shirya taron mutunta al'adu. Suka gayyaci Gwaggo ta zauna a gaba, ni na yi tafinta, aka yi bayanin kunyar ɗan fari, wata mata daga ofis har da share hawaye. Suka cinye wainar da ta soya, suka tafa mata, suka ba ta takardar yabo mai zanen duniya. Sati na zagayowa suka sake kayar da ita.

Ana nan sai Allah ya kawo wani saurayi ɗan Yaman ajin, mai aiki a wani kanti da ke kwana a buɗe. Sunansa Mansur. Mma Hawa ce ta ba ni labari tana dariya har tana tari. Malama tana da wani wasa na sanin juna, a jefa wa mutum ƙwallo a kira sunansa. Ƙwallo ta zo hannun Gwaggo, kuma yaron ne kaɗai ya rage. Kowa a ajin kuwa ya san zancen. Gwaggo ta miƙe a hankali, ta taka har gabansa, ta kama hannunsa ta danƙa masa ƙwallon ta ce, "Ungo, Takwara." Yaron nan har ya bar makarantar Takwara ake kiransa, kuma kullum da ƙunshin ƙosansa daban a jakarta. Abin da ba ta iya yi wa nata a fili, shi ta riƙa yi wa ɗan mutane.

Yaya ya daina tambayata sakamako. Ya daina zuwa wurin likitan hirar ma, ya ce ya haƙura. Ni dai na san bai haƙura ba.

Wata Laraba da hantsi aka kira ni daga ofishinsu, aka ce ya yanke jiki ya faɗi, zuciya ce, an tafi da shi asibiti. Matarsa tana Kano wurin biki. Na bar aiki na biya makaranta na ɗauko Gwaggo daga tsakiyar darasi. A cikin tasi carbi kawai take ja. Muna isa, ina tsaye ina sallamar direba, na juya ban gan ta ba. Matar da ke hawa matakalar tasha tana hutawa a kowane bene, ta riga ni shiga.

Na same ta a gaban teburin karɓar baƙi, ta dafa shi da hannu biyu. Ma'aikaciyar tana tambayarta wa take nema. Na buɗe baki daga bayanta ke nan zan amsa, sai na ji muryar Gwaggo.

"He is my son. His name is Mansur."

Ɗana ne, sunansa Mansur. Da Turanci tsaf, yadda yake a littafi. Wurin da hayaniya, matar ba ta ji sosai ba, ta ce ta sake faɗa. Gwaggo ta sake, da ƙarfi, har da sunan mahaifinsa, wanda shi ma ban taɓa ji a bakinta ba. Wannan karon ba ta sunkuyar da kai ba. Ni kuwa na nemi kujera na zauna ina kuka.

Allah ya tashi kafaɗar Yaya. Da ya fara shan shayi da kansa na kasa riƙe bakina, na ba shi labari a gabanta. Ya ajiye kofin, ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Gwaggo, da gaske ne?" Don shi ma Gwaggo yake ce mata, kamar mu.

Ta ce, "Sharrin Rabi ne. Tun tana yarinya haka take."

"To ki maimaita mana, ko a hankali."

"A gaya wa Shi ya sha shayinsa kafin ya huce."

Ta ja bargo ta rufe masa ƙafa, ta juya tana faɗa da ni wai na bar taga a buɗe.

Ba ta ƙara shekara biyu ba bayan nan. Ciwon kwana kaɗan ta yi, ta cika a ɗakinta, Yaya yana riƙe da hannunta. Bai taɓa ji da kunnensa ba. Ranar sadakar uku Malama Ladi ta zo da ɗankwali a kanta, ga Mma Hawa, ga Takwara ya rufe kanti ya zo da katan ɗin ruwa. Da mutane suka watse Yaya ya same ni ina wanke tukwane, ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai neman aron wani abu. Ya ce, "Rabi, sake gaya mini yadda ta faɗa." Na gaya masa. Har yau in muka haɗu sai ya tambaya, ni kuma ban taɓa gajiya ba, ina kwaikwayon muryarta iya yadda zan iya, shi kuma ya rufe ido yana saurare.

Allah ya jiƙan Gwaggo Dije, ya yafe mata, ya haskaka makwancinta. Ya ba Yaya Mansur haƙuri da tsawon rai. Ya haɗa su a gidan da babu rabuwa, ta kira shi da bakinta, ya amsa. Amin.