Maɗatan Abdelkerim

Duk wanda ciwon ciki ya taɓa murɗawa a unguwar Jambutu ta Garuwa ya san rumfar Abdelkerim mai sassaƙe. Gajere ne, ga faɗa, ga taurin kai, amma maganinsa yana ci. Sana'ar gado ce. Ubansa ya bar masa gona a bakin Binuwai da tsofaffin maɗatai, irin waɗanda mutum biyu ba sa rungume ɗaya. Ya kuma bar masa ƙa'ida: a sassaƙi gabas, a sassaƙi yamma, a shafe ciwon da laka, a bar itace ya warke kafin a dawo. Kudu da arewa na itacen ne. Wanda ya zagaye maɗaci da gatari ya yanka masa wuya. Da wannan ƙa'ida Abdelkerim ya yi aure, ya aurar, har furfura ta fito masa.

Sai ga Landry, wakilin wani kamfani mai yin ƙwayoyin gyaran jiki da ake haɗiya bayan abinci. Ya sauka daga moto, wato babur, ya gaida Abdelkerim da ladabi, ya yi bayani. Su tatso ƙarfin ɓawon suke yi, su zuba a ƙwaya, kuma dole kowace ƙwaya ta zama daidai da 'yar'uwarta, ba ƙari ba ragi.

"Baba, mun gwada ɓawo daga nan Garuwa har Maga," in ji Landry. "Naka kaɗai ya cika ma'aunin labo, ɗakin gwajinmu."

Wayyo, da bai faɗi haka ba! Kan tsoho ya kumbura. Duk wanda ya zo rumfar sai ya ji labari: "Na'urar Turawa ma ta san ni!"

Buhunan farko lafiya lau. Da aka nemi ƙari, gabas da yamma ba su warke ba, sai ya yi dabara, ya shiga daji ya sassaƙo ƙananan maɗatai ya cakuɗa. Ina! Labo ta gane. Landry ya dawo da buhunan, ya sauke su a gaban maƙwabtan rumfa, ya ce, "Baba, wannan ba naka ba ne." Wani mai tebur ya ƙyalƙyale da dariya. Abdelkerim ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Washegari ya wasa gatari. Matarsa Zenaba ta tare shi a ƙofa.

"Malam, ina za ka samo ɓawon? Ko na itacen za ka taɓa?"

"Ke, rufe mini baki! Itacen da ya ga kakana ne zai mutu don 'yar tsaga?"

'Yar tsaga ya fara a kudu, gaskiya ne. Amma ma'auni ba ya jin haƙuri, abin da ya karɓa jiya shi yake so yau. Kudu ta ƙare, ya koma arewa. Yana lafta laka yana kau da kai, don ya sani sarai. Abin da ke ci mini rai ke nan, babu wanda ya yaudare shi.

Damina ta sauka, komai ya yi kore, ban da maɗatan. Ganye ya bushe a sama, ɓawon da ya rage ya riƙa zubowa da kansa. Landry ya zo ya gani, ya riƙe baki, ya rantse bai san haka ake ciki ba. Ai bai taɓa tambaya ba! Ya yi jaje, ya hau moto ya nufi wani gari neman tsofaffin itatuwa.

Yanzu Abdelkerim sarin ɓawo yake yi a babbar kasuwa, na ƙananan itatuwa, ya ninka awo don ya yi aiki. Faɗan ma ya daina. Bara masu katako suka zo gonar da injin yanka, don busassun suna neman faɗowa kan mutane. Suka tambaye shi da wanne za su fara. Ya ce su bari ya tafi tukuna. Bai kai bakin hanya ba ya ji na farko ya faɗi, ƙasa ta girgiza har ƙafarsa. Nan ya zauna, tsoho da gemu, ya yi ta kuka.