Takarar Mai Famfo

Mahaifina mai gyaran famfo ne. Shekara talatin da ɗaya yana kai ruwa gidajen mutane, mu kuwa a gidanmu ko ɗigo babu. Layinmu ne na ƙarshe a unguwa, can gangare bayan makarantar firamare, kuma babban bututu ya tsaya ne a bakin makarantar tun kafin a haife ni. Gida arba'in da biyu, duk da jarka muke rayuwa. Ummanmu ta yi ta ɗaukar ruwa a ka har wuyanta ya daina juyawa hagu, in ka kira ta ta nan sai ta juyo gaba ɗayanta.

Baba ba mai magana ba ne. Duniyarsa tana cikin wata tsohuwar jaka: sifana uku, zarto, gam, da robar cikin tayar keke da yake yankawa yana ɗaure ɓaraka. Hali ɗaya gare shi da kowa ya sani, ba ya iya wuce ruwa yana zuba. Ko dubiya muka je asibiti ya jiyo famfon banɗaki na ɗiga, sai a neme shi a rasa. A da dariya muke yi masa. Yanzu ko an yi zancen ba na dariya.

Kansilan mazaɓarmu kuwa Sai Gobe ake ce masa, kuma da guminsa ya sami sunan. Zango uku yana kan kujera, duk wanda ya je masa da maganar ruwa sai ya dafa ƙirji ya ce, "Sai gobe, da yardar Allah." A shekara ta goma sha ɗaya aka ƙara tsawon bututun kuwa, amma sai ya yi kwana ya nufi sabon wurin wankin motocin Sai Gobe. Don rashin kunya, Baba aka kira ya haɗa. Ya haɗa ɗin, ya dawo bai ci abinci ba, da safe ya ce, "Zan tsaya kansila."

Umma ta juyo gaba ɗayanta ta dube shi. "Kai ɗin?"

"Ni ɗin. Na san inda kowane bututu ya bi a garin nan. Namu aikin mako uku ne."

Ni malamar makaranta ce, don haka takardu suka faɗo kaina. Sai an sami sa hannun mutum ashirin masu katin zaɓe, matan layinmu suka kawo sittin cikin kwana biyu. Tela ya ɗinka masa farar riga ya ce kyauta ce. Mai shagon kan kwana, wanda bai taɓa yabon kowa ba, ya ce ko akuya aka tsayar da sunan ruwa zai zaɓa, balle Mai Famfo. Kowa ya san in dai sunan Baba ya hau takardar ƙuri'a, Sai Gobe ya tafi gida.

Ranar Alhamis ƙarfe huɗu ake rufe karɓar takardu, kuma dole ɗan takara ya je da kansa ya sa hannu a gaban ma'aikacin zaɓe. Takardar rantsuwarsa ba ta fito daga kotu ba sai safiyar ranar. Ƙarfe biyu muka fita, shi cikin farar riga, ni rungume da fayil. Na hana shi ɗaukar jaka, har ɓoye ta na yi a ƙarƙashin gado.

Ba mu kai bakin titi ba mai gadin asibitin haihuwa ya sha gabanmu yana haki. "Mai Famfo, babban bututu ya fashe a bayan kasuwa! Tankinmu ya daina cika, ga mata a kwance."

Na riƙe hannun rigar Baba. "Baba, don Allah. Don girman Allah, yau kaɗai."

"Minti goma, uwata," in ji shi. Haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa gare ni. Ya sa hannu a aljihu, sai ga sifana. Ashe ya riga ni wayo.

Ruwa na tashi sama ya fi tsayin mutum. Ƙarti sun fi hamsin a tsaye, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, ba wanda ya san inda makullin ruwan yake sai Baba, makullin ma an gina teburin mai nama a kansa. Aka ja tebur, ya durƙusa yana tono da hannu. Ƙarfe uku ta yi. Na kira shi, bai ɗago ba. Uku da rabi na tsaya a kansa ina ihu, ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba: "Baba ka tashi! Ka bar musu, ruwanka ne?" Ya ce in miƙo masa guntun bututun da ke gefe. Wallahi ji na yi kamar in jefa guntun a kwata, amma na miƙa.

Huɗu saura kwata ya yi ɗaurin ƙarshe. Muka hau babur biyu, laka na ɗiga daga rigar tela. Huɗu da minti goma sha biyu muka isa, ma'aikacin yana jan tagarsa. Na roƙe shi, na nuna masa rigar, na yi kuka. Ya ce, "Malama, ƙa'ida ce. In na karɓa, gobe kotu ta soke." Gaskiya ya faɗa, ko haushinsa ban sami damar ji ba. A inuwar ƙofar ofishin Sai Gobe na tsaye da mutanensa, ya ɗaga hannu ya ce, "Mai Famfo, sannu da aiki. Allah ya yi albarka." Shi kaɗai ya miƙa takardu a mazaɓarmu, ya koma kujera ba hamayya.

Da muka dawo ba wanda ya fito daga gidajen layin. Umma ta zuba masa ruwan wanka daga jarkar ƙarshe. Baba ya zauna a tsakar gida, ya ciro wani guntun bututu daga aljihu ya ajiye a gabana. Bakin bututun a miƙe yake sumul.

"Fashewa ba ta yin haka," ya ce. "Zarto ne. Wanda ya yanka ma ya iya riƙe zarto."

Sai da na zauna. "Yaushe ka gane?"

"Ina isa wurin."

"Tun ƙarfe biyu da kwata? Ka san tarko ne, ka san don kai aka yanka, kuma ka durƙusa?"

"Uwata, gida ɗari uku ne a kan wannan bututun, ga asibiti. Da na tafi, kafin masu gyaran hukuma su zo, sai sun kwana uku ba ruwa."

"Su kwana uku," na ce. "Mu kuma shekara huɗu."

Ya daɗe yana juya guntun bututun a hannunsa, sannan ya ce bai yi wannan lissafin ba.

Na san mutumin kirki ne, duk garin nan ba wanda zai ce ba haka ba. Ina cin abinci da shi, ina gaishe shi kowace safiya. Amma ban yafe masa ba, kuma ya sani, don tun ranar in zai sha ruwa a gidan nan ba ya cika kofi.