Gadon ƙasa don mesar ɗiyata

Ni dai ban baro Maraɗi na zo Faransa don in yi wa maciji hidima ba. Atamfa da shadda nake sayarwa a unguwar Château Rouge ta Paris, a wani ɗan shago da ko juyawa mutum ba ya yi da kyau a ciki. Amma Allah ya ba ni ɗiya wadda tun tana rarrafe ba ta barin ƙwaro ya wuce ba ta bi shi ba. A Paris aka haife ta, ita ce ta fari, kuma da ta girma ta tafi Lyon karatun likitan dabbobi. Can ne wani ɗan ajinsu da zai bar gari ya bar mata mesa. Ƙarama ce, irin wadda in ta tsorata sai ta dunƙule kamar curin fura.

Da labarin ya iso mini na yi faɗa har maƙwabta suka buga bango. Na ce ƙafata ba za ta taka ɗakin da maciji yake kwana ba. Ita kuma ta gado taurin kaina, ta daina zuwa gida hutu, wai ba ta da wanda za ta bar wa dabbar.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, a wurinmu uba ba ya sakewa da ɗan fari. Ba na kiran sunanta, ba na wasa da ita. Haka ubana ya yi mini, ban kuma taɓa shakkar yana sona ba. Ita kuwa ta tashi tana ganin iyayen ƙawayenta suna rungume 'ya'yansu a ƙofar lakwal, wato makaranta. Uwarta ta sha gaya mini yarinyar nan ta ɗauka ba na ƙaunarta. Maganar tana ci mini rai, sai dai ban san ta inda zan ɓullo mata ba.

Sai aka yi wani mugun sanyi a tsakiyar shekarun tamanin, har ruwa ya daskare a famfo. Wata safiya uwarta ta ajiye waya ta ce mini mesar ta yi makonni ba ta ci komai ba, numfashinta ma har ƙara yake yi. Mai gidan da yarinyar take haya a unguwar Guillotière yana kashe shofaj, abin ɗumama ɗaki, da rana, ɗakin ya koma firji. Ta ce yarinyar kuka take yi.

"Mesar ta mutu mana, kowa ya huta," na ce. Ina faɗa ina neman takalmina.

Na biya wajen wata Hajiya mai turaren wuta na sayi kasko da ƙullin gawayi. A wurina magana ta ƙare, mai jin sanyi wuta ake hura masa. Na hau jirgin ƙasa da kasko a cinya, wata tsohuwar Baturiya tana ta kallona har muka isa Lyon.

Da ɗiyar tawa ta buɗe ƙofa sai ta yi tsaye, gaisuwar ma ta ɓace mata.

"Baba? Lahiya?"

"Lahiya lau. Ina marar lahiyar?"

Tana cikin akwatin gilashi kusa da gado, ta maƙale a lungu, ko motsi ba ta yi. Na kawar da kai na fara kwance kayana.

"Baba, mi za ka yi da wannan?"

"Wuta zan hura mata."

"A ɗaki rufe? Hayaƙin gawayi sai ya kashe ta, mu ma ya kashe mu. Non, Baba."

Na ji haushi ƙwarai, don gaskiya ta faɗa, ga shi tun daga Paris na yi dakon kaskon.

Ta nuna mini abubuwan da ta gwada. Ta sa ƙwan lantarki a cikin akwatin, mesar ta je ta nannaɗe shi ta ƙone, ga tabon a gefenta. Ta sa robar ruwan zafi, kafin ta dawo daga aji ta huce. Ta matsar da akwatin jikin shofaj, da yamma ya yi zafi kamar tanda, da rana ya yi ƙanƙara. Ta ce mesa ba ta da ɗumin jiki nata, aro take yi daga abin da ta kwanta a kai. Kuma dole ta samu wuri mai ɗumi da wuri mai sanyi, ta zaɓa da kanta.

Tana faɗin haka sai gadon ƙasa na ɗakin uwata ya faɗo mini a rai. Na ce mata da laka ake gina shi, da rami a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi. Wuta ba ta taɓa mutum, laka ce take shan zafin ta riƙa sakinsa a hankali har gari ya waye. Garwashin kuma a gefe ɗaya ake tara shi, in ya ishe ka sai ka mirgina ɗaya gefen. Ba ta taɓa jin labarinsa ba. Ta zauna a ƙasa tana ta jero mini tambayoyi.

"Kaka ma ta kwanta bisansa?"

"Bisansa ta yi jegona."

Ban taɓa yi mata magana mai tsawon wannan ba tunda aka haife ta.

Can sai ta miƙe zumbur. Ta tuna da wata waya da masu lambu suke binnewa a ƙarƙashin irin shuka lokacin sanyi, a jona ta da kuran, wato lantarki, ta riƙa ba da ɗumi kaɗan-kaɗan. Muka fita cikin sanyin nan muka samo ta, tare da wata 'yar na'ura mai yanke wuta in zafi ya yi yawa. Ita so ta yi ta shimfiɗa wayar a ƙarƙashin gilashin kawai. Na ce ban yarda ba, gado ba laka ai ba gado ba ne. Muka nemo faffaɗan bulo na jar laka wajen masu kayan gini, ni na ɗauko shi har ɗaki. Muka sa shi a gefe ɗaya na akwatin, wayar a ƙarƙashinsa. Ita tana duba ma'aunin zafi, ni ina gwadawa da bayan hannu kamar mai haɗa wa jariri ruwan wanka, muna ta gardama.

Ranar nan dai mesar ba ta motsa ba. A ɗakin na yi la'asar, ido ɗaya a kan akwatin, Allah ya yafe mini. Na kwana gidan wani ɗan garinmu, da na dawo da safe na tarar ta hau bulon ta miƙe abinta. Wani malamin su ɗiyata kuma ya ba da maganin numfashin.

Da sanyi ya fara sauƙi na koma Lyon, na ce wa uwarta shadda zan kai wa wani Alhaji. Ta yi murmushi. Tun a matakala ɗiyata ta tare ni da albishir, mesar ta ci ɓera, har tana neman ƙari. Na yi hamdala da ƙarfi, ni da bakina, a kan maciji ya ci ɓera.

Ta ciro ta daga akwatin ta miƙo mini.

"Taɓa ta, Baba. Don Allah."

Na ɗora yatsu biyu a bayanta. Na zaci santsi da sanyi zan ji, sai na ji ta a bushe, da ɗumi. Muna tsaye haka ɗiyata ta jingina kanta a kafaɗata. A yadda aka rene ni, kamata ya yi in matsa in ce ta kawo mini ruwa. Ban matsa ba, na bar ta ta jingina har ta gaji don kanta.