Kalmar da ta Fitar da Inna daga Ribaɗi

A Makka aka haife ni, a bayan unguwar Misfala, cikin bukkokin kwano na 'yan Takari, kamar yadda ake kiran mu da iyayenmu suka zo hajji a ƙafa suka maƙale. A nan aka yi mini aure da wani ɗan garuwa, mutum mai haƙuri har ya yi yawa. Aikinsa ya ɗebo ruwa a bazan, matattarar ruwan unguwa, ya rataya garwa biyu a sanda, ya yi ta hawa benayen masu hali. Kafaɗarsa ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi.

Lokacin yaƙin Turawa ne. Jiragen ruwa sun ɗauke ƙafa, alhazai sun yi ƙaranci, Makka kuwa da alhaji take ci. Yunwa ta fara da tsofaffi marasa gata, shi ya sa duk wadda ta samu ɗaki a ribaɗi, gidan sadaka na marasa gata, ake yi mata barka kamar ta haihu.

Ribaɗin unguwarmu gidan dutse ne mai ƙananan ɗakuna. Wani attajiri da ya daɗe da rasuwa ya bar shi wakafi, da sharaɗi guda: sai macen da ta yanke, ba miji, ba ɗa, ba ɗan'uwa. Mai kula da shi, naziri, mutum ne mai tsabta, kullum da carbi da ƙamshin turare, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Da safe a ba kowace mace gurasa da wata shurba, ruwan da aka nuna wa alkama daga nesa. Su kuma su wuni suna tsince shinkafar gidansa. Ranar Juma'a a tara su su yi wa mamacin addu'a da ƙarfi, shi yana zaure yana saurare, don ya san wadda bakinta ya yi sanyi. In hajji ya zo a kora su saman rufi a ba alhazai ɗakunan. Duk wannan sunansa sadaka, kuma sai an gode.

Cikin matan akwai wata tsohuwa daga ƙasar Kano, kowa Inna yake ce mata. Ta taso da mijinta da ɗanta, ta iso ita kaɗai. Mijin ya rasu a gonakin audugar Sudan, ɗan kuma a bakin teku suna jiran jirgi. Larabcinta bai wuce na gaisuwa da cinikin gishiri ba. Ga tsiya a bakinta: in na je gaishe ta sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar nan, tuwon ne ba ki iya ba, ko rowa kike wa mijinki? Dubi wuyansa." Ɗakinta da ƙyar yake ɗaukar tabarma da tulu, amma tana share shi har bango. Ta sha gaya mini ba ta roƙon Allah komai yanzu sai ta cika a inuwar ɗakin nan a kai ta maƙabartar Ma'ala.

Maigidana ne ke kai mata ruwa. Ba ta da abin biya, shi ma bai taɓa tambaya ba. Namiji ba ya wuce zaure, sai ya juye mata a tulu a nan, ta sa masa albarka. Ɗana take ce masa, kamar yadda kowace tsohuwarmu ke ce wa kowane yaron kirki.

Wata rana da hantsi naziri ya zo ya tarar da su a zauren. Ya yi murmushi ya tambaye ta da Larabci wane ne wannan. Inna ta ji daɗin an tambaye ta abin da ta san amsarsa. Ta dafa ƙirji ta ce, "Waladi." Ɗana ne. Mai tsaron ƙofa tana nan ta ji. Washegari aka aiko mata cewa wakafin na marasa kowa ne, mai ɗa ta koma wurin ɗanta.

Da labari ya same ni raina ya ɓaci ƙwarai. Ni haifaffiyar gari ce, Larabci a bakina yake, na ja mayafi na tafi. Na ce masa, "Ya sidi, a wurinmu duk yaron da ya yi maka alheri ɗa ne. Ku ma ai kuna cewa ya waladi." Ya ja carbi ya ce kira daban, amsa tambaya daban. Shi amana ce a hannunsa, ba zai ci haƙƙin mamaci ba. Na ce uwar mijina tana kwance a Ma'ala tun kafin aurenmu, unguwa duk shaida ce. Ya ce ɗayyib, abu mai sauƙi: tsohuwar ta zo gaban shaidu, ga mutumin a tsaye, ta rantse ba ɗanta ba ne. Shi ke nan, ɗaki nata.

Na dawo ina murna, a zatona an gama. Duk unguwa ta san akwai wata tsohuwar baiwar gidan surukan naziri da suke neman inda za su sauke, amma na ce ko ma mene ne, rantsuwar gaskiya ba ta da wuya.

Ranar da aka sa muka hallara a zauren, ni ce tafinta. Naziri ya yi tambayarsa, na juya mata da Hausa. Inna ta zuba wa ƙafafun maigidana ido, duk sun tsage saboda zafin dutse.

Maigidana ya durƙusa ya ce, "Inna, ki faɗa mana. Ai gaskiya ce, ba ke kika haife ni ba."

Ta ce, "Na sani, ai ban haukace ba."

Na ce, "To ki faɗa, Inna, yalla, a wuce wurin. Ɗakinki fa."

Sai ta juyo gare ni, ta yi maganar da ba ta taɓa yi mini ba. "'Yar nan, wanda na haifa ɗan fari ne. Kin san al'ada. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ce masa ɗana ba, ko a gaban mutane ko a bayansu. Wancan nake cewa. A cinyata ya cika, bakin nan bai buɗe ba, wai kunya. Wannan kuwa na riga na faɗa. Ki gaya wa Balaraben ba na janyewa."

Na yi mata magiya, na yi faɗa, har na yi kuka. Na so in yi ƙarya in ce ta rantse, amma ga kanta tana girgizawa kowa na gani. Naziri ya buɗe tafin hannu ya ce shaidu sun gani, shi bai kori kowa ba. Har addu'a ya yi mata. Wallahi da zagin ta ya yi da ya fi mini sauƙi.

Maigidana ya ɗauko tabarma da tulun a sandar garwarsa, muka dawo da ita bukkarmu. Wanda bai zauna ƙarƙashin kwano a bazarar Makka ba bai san abin da nake faɗa ba. Muna jiƙa buhu muna rufa mata, kafin a juya ya bushe. Tuwon da ba ya isar mutum biyu muka raba uku. Ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba, amma tsiyar bakin nan ta ƙare. Sai ta zauna ta fuskanci wajen ribaɗi ta yi tagumi. Ba ta ga ƙarshen bazarar ba.

Da ta rasu ba mu da likkafani. Wakafin nan yana ba matalauta, don haka na danne zuciyata na koma. Naziri ya yi mini ta'aziyya mai kyau, sannan ya ce likkafanin ma na marasa kowa ne. Mai ɗa, ɗanta ke suturta ta. Na tsaya ina kallonsa, ina jin ƙamshin turaren nan, har yau ba na son irinsa a gidana.

Da haramin maigidana muka suturta ta, ƙyalle biyun da ya gada a wurin mahaifinsa, muka cika da farin mayafina. Maza suka ɗauke ta zuwa Ma'ala. Da ya dawo ya zauna bakin ƙofa, ƙura har gwiwa. Na tambaye shi wa ya sa ta a kabari. Ya ce mai haƙa ya tambaya ko akwai ɗanta a cikinsu, sai ya ce ga shi, ya shiga ramin. A can ba wanda ya ce ya rantse.