Majo Barmo Gado da Allurar Bayan Tabarma

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Barmo ɗan Gado, wanda aka fi sani da Majo Barmo, a garin Tibiri cikin damunar shekarar 1927. Mahaifinsa Gado wanzami ne ɗan gado, mahaifiyarsa Tsahara kuwa mai sayar da daddawa ce a kasuwar garin. Tun yana ƙarami aka fahimci cewa yaron ba ya jure ganin jini, domin ranar da aka fara ba shi riƙon ƙaho, shi aka yi wa fifita, ba mai ciwon ba. Saboda haka a shekarar 1935, lokacin da aka bukaci kowace unguwa ta ba da yara don shiga lakwal, wato makarantar boko, sauran iyaye suna ɓoye nasu cikin rumbu, Gado ya kai nasa da hannunsa, har ya yi godiya.

Ya yi karatu a Maraɗi, inda ya yi fice wajen Faransanci da ladabi. A shekarar 1944 aka zaɓe shi, ba tare da an nemi ra'ayinsa ba, aka tura shi Yamai koyon aikin jinya. A can ya yi suma iya rabonsa har jini ya daina ba shi tsoro, ya kuma koyi allura a jikin lemo kafin a amince masa da jikin ɗan Adam.

Fara aiki da aurensa

Ya dawo Maraɗi a shekarar 1948, ya kama aikin wankin gyambo, rabon kinin da zagayen rigakafin agana a ƙauyuka. A shekarar 1952 ya nemi auren Fasuma, 'yar fari ga Alhaji Maliki na Jiratawa, bafataken gyaɗa da taba tsakanin Maraɗi da Katsina. Alhaji ya yi binciken asali, bai sami aibu ba, sai da aka yi masa bayanin sashen jikin da ake yi wa allura. An ruwaito cewa ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce bai taɓa jin sana'ar da yaro zai sa dattijo ya kwance mazagi, kuma gwamnati ta biya shi ba. Ya ba da 'yar ne kawai domin ita ta nuna tana so, kuma uwarta Hajiya Safiyatu ta tsaya mata.

Daga nan kunyar surukuta ta shiga tsakaninsu yadda al'ada ta tanada, har da ƙari. Ba su ci abinci wuri ɗaya ba, ba su haɗa ido ba, kuma Alhaji bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "mutumin Tibiri". Barmo ya ɗauki wannan da haƙuri, amma abu ɗaya ya tsaya masa a rai tsawon rayuwarsa: yana so ya ji, ko sau ɗaya, surukinsa ya ce aikinsa aiki ne.

Zamansa a Jiratawa

Bayan samun 'yancin kai, a shekarar 1961, aka ba shi muƙamin majo, wato shugaban ɗakin shan magani, aka tura shi Jiratawa da nufin kyautata masa, tunda garin matarsa ne. Wanda ya yanke wannan shawara a Yamai bai san abin da ya aikata ba. Majo Barmo ya iske rabin masu layi a ƙofarsa kawunnan Fasuma ne da gwaggwanninta, kowannensu yana bukatar a durƙusa a gaishe shi kafin a tambaye shi yanayin bayan gidansa.

Shi ne mai dafa allurai a kan gawayi, shi ne mai ɗinki, shi ne mai cire haƙori in ta kama. Mutane ba sa daraja ƙwaya. Wanda aka ba shi ita yakan fita yana cewa ba a duba shi ba. Allurar ma sai mai zafi, domin wadda ba ta sa ɗingishi ba ana zargin ruwa ce. Akwai magidancin da ya zo a yi masa allura a madadin matarsa, saboda tana fama da daka, ya kuma tafi da fushi da aka ƙi.

Rashin lafiyar Alhaji Maliki

A damunar shekarar 1964 ciwon haƙarƙari mai tsanani ya kwantar da Alhaji Maliki. Ya sha jiƙo, ya sha rubutu, zazzaɓi bai sauka ba, kuma ya rantse ba za a kai shi Maraɗi ba. Majo Barmo, wanda ya saurari tarinsa daga bayan danga, ya san maganin yana cikin akwatinsa: allurar fanisilin, safe da yamma, a mazaunai. Ya kuma san cewa Alhaji ya fi son a ɗauki gawarsa da ya juya wa mijin 'yarsa baya. Shi kansa Majo hankalinsa ya tashi ƙwarai, don bai ga da idon da zai sake ratsa ƙofar gidan ba.

Hajiya Safiyatu ce ta samo mafita, ta aiko da ita ta bakin Fasuma, tunda ita ma ba ta magana da shi kai tsaye. Aka shaida wa Alhaji cewa wani babban likita baƙo daga Damagaram ya sauka a garin, ba ya jin Hausa, kuma bisa ƙa'idar aikinsa ba a ganin fuskarsa. Aka rataye tabarma a tsakiyar ɗaki, aka huda ta daidai tafin hannu, aka jingina majinyacin a gefe guda. Majo Barmo ya shigo ta ƙofar baya da aron hula, ya yi gaisuwa da Faransanci cikin muryar da ba tasa ba, ya yi abin da ya kawo shi. Haka aka yi ta yi har zazzaɓi ya sauka, Alhaji ya nemi fura.

Shekarunsa na baya

Warkewar nan ita ce mafarin wata sabuwar wahala. Alhaji Maliki ya sayi rago ya aika wa mutumin Tibiri, da umarnin ya isar da shi ga abokin aikinsa na Damagaram. Majo bai isa ya ɗaure ragon a gida ba, don duk garin an san shi, sai ya kai wa mahaifiyarsa a Tibiri. Kowace Sallah kuma sai goro ya biyo baya tare da tambayar lafiyar baƙon, har ya zama dole Majo ya ƙaga labari, ya yi masa aure, ya ba shi 'ya'ya, daga baya ya yi masa canjin wurin aiki zuwa Gure don a huta. Ba a huta ba, goron ya ƙaru saboda nisa.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yabon. Babu majalisar da Alhaji zai zauna bai ba da labarin hannun Badamagaren ba, hannu mai sanyi, mai albarka, wanda ya tashe shi bayan an fara haƙa masa kabari a zuci. Marasa lafiya suka riƙa tambayar Majo ranar da gwanin zai dawo. A shekarar 1967 Alhaji ya aiko masa da shawara ta bakin Fasuma, cewa da zai ɗauki hutu ya je ya zauna wajen mutumin nan, da ya ƙaru. Majo ya aika da godiya, ya ce zai duba.

A shekarar 1969 aka mayar da shi Maraɗi, ya gina gida a Sabon Gari, ya ci gaba da aiki, matasan ma'aikata suna koyon allura a hannunsa. Goron Damagaram ya bi shi har can.

Rasuwarsa

A bazarar shekarar 1973 cutar sanƙarau ta ɓarke, Majo Barmo ya tare a rumfar marasa lafiya, ya ƙi a canje shi, har ta kama shi. Allah ya yi masa rasuwa ranar wata Alhamis, yana da shekara arba'in da biyar, aka yi masa sutura bayan la'asar a maƙabartar Maraɗi, cikin taron da ya haɗa mutanen Tibiri da na Jiratawa. Ya bar matarsa Fasuma da 'ya'ya biyar: Jibo, Zainabu, Idirisa, Maman Lawali da autansu Abdulmutallib.

Alhaji Maliki, wanda tsufa ya riga ya rusunar da shi, ya halarci jana'izar, ya zauna makoki. Ranar sadakar uku wani ɗan'uwansa ya ba da shawarar a aika wa likitan Damagaram labari, tunda abokin marigayi ne. Alhaji ya ɗaga hannu ya ce: "Kar ku wahal da kowa, shi munka rufe shekaranjiya. Tun allurar fari na gane shi. Wane Badamagare ne ba ya jin Hausa, amma yana ce mini 'gafara Baba' ƙasa-ƙasa?"

Aka tambaye shi dalilin da ya sa bai taɓa faɗa ba. Ya ce: "In na faɗi, da wane ido za mu dubi juna? Kuma ta ina zan yabi mijin ɗiyata yana ji? Baƙo anka ba ni, na yi ta yabo, ina fatan shi gane." Fasuma ta ce a iya saninta bai gane ba. Tsohon ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa, ya ce: "Allah shi jiƙan Barmo. Aikinshi aiki ne."