Aina'u da Fil ɗin Ƙafar Jirgi

Aina'u 'yar Malam Nababa ce, mai gyaran keke a wani ƙauye na ƙasar Ungogo, inda gidajen bulo suka fara cin gonaki, jiragen sama kuma suke wucewa ƙasa-ƙasa ta saman dawa in za su sauka Kano. Duk wanda ya san Nababa ya san halinsa ɗaya: ba ya yar da ƙarfe. In ƙusa ta lanƙwashe, sai ya ɗora ta a kan dutse ya bubbuga ta miƙe, ya jefa a gwangwanin madara. Mutanen gari har tsokanarsa suke yi, wai ko allura ce ta karye sai Nababa ya yi mata ɗori. Shi kuwa ko a jikinsa, amsarsa kullum ita ce almubazzaranci haramun ne.

To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun Aina'u ba ta iya ɗaura zani da kyau ba take zama a rumfar uban tana miƙa masa sifana, kuma hannunta ya faɗa har ya fi na yayyenta maza. Ta yi sakandare, ta yi kwalejin fasaha a birni, Allah ya taimake ta wani kamfani mai ƙananan jiragen haya ya ɗauke ta koyon gyaran jirgi. Ranar da ta fara sa rigar aiki, mahaifiyarta Inna Huseina sai da ta yi kuka, rabi murna rabi fargaba. Kullum da safe Aina'u ta bi ta cikin gonaki ta fita titi, ta hau adaidaita sahu zuwa filin jirgi.

Maigidanta a wurin aiki Injiniya Abdulkabir ne, dattijo mai furfura wanda ba ya yawan magana, ba ya kuma maimaita ta. Sabuwar zuwa ba ta taɓa jirgi. Aikinta shara, goge kayan aiki, da miƙa abin da aka ce ta miƙo. A wurin sharar nan ne ta ga abin da ya tsaya mata a rai. Akwai wani ɗan fil mai ƙafa biyu da ake zura wa a ramin noti, a tanƙwara ƙafafunsa, don kada notin ya warware. Duk wanda aka cire sai a wurga shi kwandon shara, alhali wasu ko tsatsa ba su yi ba. 'Yar Nababa ta ga ƙarfe lafiyayye a bola, ai kuwa zuciyarta ta ƙi.

Sai ta riƙa tsince su lokacin da kowa ya fita cin abinci. Ta miƙe su da filaya, ta goge da samfefa har suna ƙyalli, ta zuba su a durowar da sababbi suke. Wallahi ba da mugun nufi ba. Gwaninta ce take yi, tana jiran ranar da za a lura a ce kai, yarinyar nan akwai tattali. Har rannan da Injiniya yake sauya tayar gaba ta wani farin jirgi mai ratsin shuɗi, yana sauri ana jiransa, ya miƙo hannu baya ya ce ta ba shi fil. Da gangan ta zaɓi ɗaya daga cikin nata ta ba shi. Ya zura ya tanƙwara bai ga komai ba, ita kuwa ta wuni tana jin daɗi.

Ranar Juma'a da safe Injiniya ya tara masu koyon aiki a bakin rumfar gyara. Ya tsinci tsohon fil daga shara, ya miƙe shi, ya sake tanƙwarawa, sai ga ƙafa ɗaya ta ɓalle ta faɗi ƙasa.

"Kun gani?" in ji shi. "Wannan sau ɗaya ake tanƙwara shi a duniya. In an miƙe shi, ido zai ga lafiya, amma ciki ya riga ya tsage. In ya karye, noti ya kwance, taya ta fita lokacin sauka. Sauran kuma ba sai na faɗa muku ba."

Aina'u ta waiwaya. Farin jirgin yana nan a tsaye a waje, ana loda masa kaya. Taku kaɗan ne tsakaninta da Injiniya. Amma ina. Ta tuna Inna da kukanta, ta tuna mutanen ƙauye da suka ce mace da gyaran jirgi ai sai a gani, ta hango kanta an kore ta a gaban maza. Ta ce wa ranta bari mutane su ragu. Kafin mutane su ragu, jirgi ya tada inji, ya bi titinsa ya ɗaga, tana kallo. Aka tashi aiki da wuri saboda masallaci, ta koma gida ba ta ce wa kowa uffan ba.

Lokacin cirar gyaɗa ne. Bayan an sauko daga Juma'a ta bi Inna gona, wai ko aiki zai ɗauke mata hankali. Ina fa. Ita da aka haife ta cikin ƙarar jirgi, wadda ko kaji sun daina kulawa da ita, yau kowace ƙara sai ta ji kamar a tsakar kanta. Ta ɗaga kai ta bi jirgi da ido har ya ɓace bayan itatuwan ɗorawa, ta tsaya tana sauraron ko za ta ji wani abu ya biyo baya. Inna ta yi mata magana ba ta ji ba, ta kuma yi ba ta ji ba.

"Ke lafiyarki kuwa?" Inna ta tambaya. "Gyaɗar kike tsinka ko ganyen?"

Aina'u ta yar da abin da ke hannunta ta nufi rumfar uban. Ta same shi yana fama da wata tsohuwar sarƙar keke. Ta durƙusa ta faɗa masa komai. Ta zaci zai ce ai ƙarfe ƙarfe ne. Nababa ya ajiye guduma a hankali, ya daɗe yana kallon gwangwaninsa.

"Mutane ne a ciki?" ya tambaya.

"Mutane ne, Baba."

"Ni in ƙusata ta ci amana, mai keke ya sauka ya tura abinsa. Su kuwa, wa zai tsaya musu su sauka? Kira maigidan naki yanzu, a gabana."

Ta kira, ta faɗa masa. Injiniya bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mata sauƙi. Ya ce ta jira, ya kashe. Jim kaɗan ya sake kira ya ce jirgin ya sauka lafiya a can inda ya je, amma ya riga ya taso yana hanyar dawowa, ba halin a tsayar da shi.

"Da safe kina tsaye a gabana," ya ce. "Taho yanzu."

Ba ta san yadda ta isa ba. Ta tarar an sanar da matuƙi, motar kashe gobara ta fito ta tsaya a gefen titin jirgi, ma'aikata sun yi cirko-cirko ba mai kallonta. An zazzage durowar fil gaba ɗaya a cikin buhun shara. Ta tsaya a bayan Injiniya tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, wata ma ba ta kai ƙarshenta sai ta kama wata. Tsoron kora ya fita daga ranta tun a hanya. Abin da take roƙo kawai kada a ɗauki gawar kowa saboda ita.

Can sai ga shi ya ɓullo ta gabas, ɗan ƙarami, yana saukowa ta saman gonakinsu. Tayoyin baya suka taɓa ƙasa. Matuƙin ya riƙe hancin jirgin a sama, ya riƙe, ya riƙe, kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono, sannan ya sauke shi a hankali. Aina'u ta runtse ido. Da ta buɗe, jirgin yana tafiya a kan ƙafafunsa uku.

Fasinjoji suka sauko suna gyara riguna, ba wanda ya san abin da ake ciki. Wata dattijuwa riƙe da jikanta ta wuce ta gabanta, ta ga mace cikin rigar aiki, ta yi murmushi ta ce, "Sannu da ƙoƙari, 'yata, Allah ya yi albarka."

Aka ja jirgin zuwa rumfa. Injiniya ya buɗe murfin tayar, ya miƙa mata filaya.

"Ke kika ba ni. Ke za ki cire."

Ta durƙusa. Ba ta ma matsa ba, bakin filayar kawai ta ɗora, sai ƙafar fil ɗin ta faɗo a tafin hannunta. Ɗayar kuwa babu ita, ta riga ta tafi tun a hanya.