Gwaggo Dije Mai Danna Ƙafa

Ku da kuka san Gwaggo Dije, yayar babana, kun san ba ta gaida babba in akwai yaro a wurin. Za ta shigo gida da guntuwar sallama, takalminta na roba yana fat-fat, ta wuce maigida, ta wuce matar gida, sai wajen wanda ke goye. Ta kama ƙafafun yaron duka biyu, ta ɗora manyan yatsunta a bayan ƙafar ta danna, tana ƙirga ɗaya, biyu, uku da ƙarfi kamar ɗan lakwal a gaban malaminsa. Sannan ta saki, ta duƙa ta zuba ido. In fatar ta taso nan take, sai ta ce, “Nama ne.” In wurin ya lotsa ya zauna, sai ta ce, “Ruwa ne,” kuma daga nan babu sauran zaman lafiya a gidan sai an kai yaron likita. Bayan ta gama ne take juyowa ta ce ina kwana, ko da la'asar ta yi.

Tsoronta muke ji, ba zan ɓoye ba. Duk yaron da ta ce wa ruwa, kwana kaɗan sai a ji yana kwance, wani ma ba ya tashi. Sai mata suka fara raɗe-raɗin cewa yatsan nata ne ke zuba ruwan. Da an jiyo fat-fat a lungu, sai ka ɗauka ba a taɓa haihuwa a unguwarmu ta Dakoro ba. Na ga wadda ta cusa ɗanta bayan rumbu, na ga wadda ta kifa wa nata kwando. Gwaggo ta san da haka, ko a jikinta. Cewa ta yi tun da take ba ta taɓa ganin kwando mai tari ba, a ɗaga mata shi ta sha kallo.

Kun tuna jandarman nan baƙo da aka kawo garinmu, mai ƙaton ciki? Gwaggo ta tarar da matarsa a bakin famfo, ta danna wa goyonta ƙafa ba tambaya. Matar ta koma gida da kuka. Da yamma sai ga shi a ƙofar gidanmu cikin kaki, yana neman tsohuwar da ke taɓa 'ya'yan mutane. Babana ya rasa inda zai sa kansa. Gwaggo ta fito tana tauna goro, ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce ya zauna ya cire takalmi. Har yau ban san abin da ya sa ya cire ba. Ta danna, ta ƙirga uku, ta ce, “Kai da ɗanka duk nama ne. Naka ma ya yi yawa, ka rinƙa rage wa matarka.” Ya ɗauki takalminsa a hannu ya tafi, bai ƙara bi ta lungunmu ba.

Ga kuma maganar ƙwai. Zabinta sun fi ashirin, amma ba a taɓa ganin ƙwanta a kasuwa ba. Dafawa take yi ta ƙulle a gefen zane, duk yaron da ya fara cin abinci ta murmushe masa gwaiduwa a baki. Wata rana Malam Idi maƙwabcinmu ya kama ta tana bai wa jikansa, ya ce ashe ba ta san yaron da ya ci ƙwai ɓarawo yake zama ba. Ta ce masa, “Wanda ya sace maka akuya bara, a gabana anka yanke mai cibi. Ko ɓawon ƙwai uwarshi ba ta bari ya taɓa ba.” Malam Idi ya ja jikansa ya tafi, yaron yana waiwaye yana lasar baki.

Ni ma da ni ake wannan dariyar, da ni ake gudun, har ranar da abin ya zo kaina.

Ɗiyata ta fari, Hadiza, tana wata goma na gane ina da wani cikin. Da uwar mijina, Iya Mariya, ta ji, sai ta ce nonona ya ɓaci, in yarinyar ta ƙara sha zai kashe ta. Haka muka taso muka tarar ana yi, ni ma na yarda. Rana ɗaya aka yaye ta, Iya ta goya ta zuwa ƙauyensu kusa da Mai Yara don ta manta da ni. Ba da mugunta ta yi ba, duk cikin jikokinta babu wadda take so kamar Hadiza. Abin da ke gidan shi ta ba ta, koko da safe, ruwan fura da rana.

Bayan wata ɗaya da rabi ta dawo da ita tana murna. Kumatu sun cika, ƙafafu ɓul-ɓul, har zaren layar da ke wuyan ƙafarta ya nutse. Maƙwabta suka yi ta shigowa suna cewa tubarkalla, zaman ƙauye ya karɓe ta. Ni kuwa wani abu daban na lura da shi. Gashinta ya yi ja ya kwanta, kuma yarinyar da ke ƙyalƙyala dariya in na tafa mata, yanzu kallona kawai take yi. Na gani, amma na hana kaina gani. Na ce gajiyar hanya ce.

Kwana biyu da dawowarta, da hantsi, na jiyo fat-fat. Ban san lokacin da na sure ta na kai bayan gado na ja labule ba. Gwaggo ta shigo ta ce ina ɗiyar. Na ce tana ƙauye. Ta dubi igiyar shanya, inda 'yar rigar Hadiza ke ɗigar da ruwa, ta ce lallai rigar nan mai hankali ce, ta riga mai ita dawowa. Ta shimfiɗa gyalenta a gindin itacen bedi ta zauna, ta ce za ta jira. Na ce ai sai jibi. Ta ce ba ta da sauri. Aka sauke dambu ta ci, ta nemi ƙari. Azahar ta yi ta yi salla. Ina ta addu'a a zuci kada yarinyar ta yi motsi, har sai da na ji kunyar abin da nake roƙo.

Sai Hadiza ta yi kuka. Ba irin kukan da na sani ba, wani siriri, kamar ba ta da ƙarfin ƙarasa shi. Gwaggo ta tashi ba ta ko kalle ni ba, ta ɗauko ta ta fito da ita haske. Ta danna. Wannan karon a hankali ta ƙirga. Da ta ɗaga yatsunta, sai ga rami biyu a ƙafafun ɗiyata, kamar an danna tuwon da ya huce. Na tsaya ina jiran su taso. Ba su taso ba. Na zauna a ƙasa.

Iya Mariya ta taso da faɗa, ta ce dama an faɗa, lafiya lau ta kawo jikarta, yatsan mutum ne ya huda ta. Gwaggo ta duƙa ta cafke ƙafar Iya ta danna, ta cafke tawa, ta cafke ta mijina Isuhu da ya shigo daga gona bai san hawa ba bai san sauka ba. Duk suka taso. Ta ce, “In yatsana ne, mi ya hana naki lotsawa, Mariya? Wannan ba ƙiba ba ce. Yunwa ce ta cika ta da ruwa.”

Isuhu ya dubi uwarsa, ya dube ni, ya ce a bari zuwa gobe a ga yadda za ta kwana. Gwaggo ta ce goben ta taɓa jiranta sau ɗaya. Ta goya Hadiza da gyalenta ta fita cikin rana. Tsohuwa ce fa, ta haura saba'in, amma sai da muka haɗa da sassarfa. Ita a gaba, ni a baya ina kuka, Isuhu da fartanya a kafaɗa ya manta bai ajiye ba, Iya a ƙarshe tana faɗa wa duk wanda ta gamu da shi cewa an sace mata jika.

A likita, ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta kama ƙafafun ta danna daidai yadda Gwaggo ke yi, ta ce a kwantar da mu yanzu. Matar ta tambaye ni dalilin yayen, na gaya mata. Ta ce ciki ba ya ɓata nono, da na ci gaba da ba ta, in dai ni ina cin abinci in ƙoshi. Wannan maganar ta fi komai yi mini zafi.

Madara suka rinƙa ba ta kaɗan-kaɗan. Kwana ukun farko ba na iya kallon ƙirjinta, ba na kuma iya daina kallo. Da kumburin ya sauka ta koma fata da ƙashi, Iya ta fashe da kuka ta ce sun sace mata ita kamar tayar keke. Gwaggo ta ce yanzu ne kike ganin jikarki ta gaskiya, daga nan za a fara gini.

A gefen gadon nan ne ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba. Ashe ta taɓa haihuwa, namiji, tun kafin a haife ni. Shi ma ciki ya sa aka yaye shi, shi ma ya cika har ana mata barka, ta jira gobe. Cikin da aka yaye shi dominsa ma bai zauna ba, kuma ba ta sake samun wani ba. Sai bayan shekaru da yawa, ta raka wata maƙwabciya likita, ta ga an danna ƙafar yaro ta lotsa, aka faɗi ma'anar abin. Ta ce, “Rabi, na tuna ramin da zaren goyo ke bari a ƙafar Sani. Kullum ina ganinshi, ina jin daɗi wai ɗana ya yi ƙiba.” Ba ta yi kuka ba, goronta kawai ta mayar cikin zane.

Ranar da Hadiza ta fara dariya, yatsan Gwaggo ta kama ta kai baki ta gartsa masa cizo. Gwaggo ta ce ta rama, sun yi daidai. Hadizar ce kuka gani ranar sadakar bakwai ta rasuwar Gwaggo tana raba ruwa, ta kusa kamo ni tsawo.

Ganina na ƙarshe da Gwaggo, na je da autana a goye. Ba ta iya tashi zaune, sai ta ce in kawo mata ƙafar kusa da hannunta. Ta danna da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta ce nama ne. Sai idona ya kai kan nata ƙafafun, sun kumbura suntum. Na sa yatsa na danna, na ƙirga uku, ramin ya zauna. Ta ce, “Nawa na tsufa ne, an kai ni an duba. Kar ki ɓata yatsanki a nan, ki kai shi inda yara suke.”

A wajen zaman makoki na lura da wani abu. Matan da ke kifa kwando a da, kowace tana zaune da goyonta a cinya, hannunta a ƙarƙashin mayafi, leɓenta yana motsi. Har Iya Mariya na kama tana yi wa autana, da muka haɗa ido ta ce ƙaya take dubawa.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Dije, Ya yafe mata, Ya yafe mana gudun da muka yi mata. Allah Ya sada ta da Saninta a Aljanna, ta kama ƙafarsa ta danna, ta ga ta taso.